Lantana da Masu Ƙirgar Gidaje

A unguwar Gidan Dahala kowa ya san Lantana mai injin niƙa. Ita take jera mata a layi ranar zaɓen kansila, ta sa tsofaffi gaba, ta tsawata wa masu kutse. Ba ta gudun ma'aikacin gwamnati. Amma da ƙaramar hukuma ta turo masu ƙirgar mutane gida-gida don rabon gidan sauro, sai aka daina samunta.

Da ta hango rigunansu a bakin layi sai ta kashe inji, ta yafa mayafi ta fice. Yau Kwalkwalawa sayen gero, gobe Wamakko duba wata da ba ta da ciwon komai. Ta dawo ta kasa zama, ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Tambaya ɗaya take gudu: mutum nawa ne a gidan. Su shida ne, har damina ta bana da zazzaɓi ya ɗauke Gazali, ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ko a zaman makoki wasu ne suka riƙa faɗin sunan, ita tana amsa gaisuwa.

Ranar da za a rufe aikin, Sadiyatu, ɗiyar maƙwabta da ke cikin masu ƙirgar, ta iske ta tana neman takalmi.

"Inna, yau dai kin shiga hannu. Ko kansila ya fi ki sauƙin gani!"

"Ke ɗiyar nan, sauri nikai."

"Gidanku kaɗai ya rage. Mutum nawa ka kwana nan?"

"Ba ki san mu ba?"

"Na sani, Inna. Doka ce, sai mai gida ya faɗa da bakinai."

Lantana ta dubi ƙofar ɗakin da ke kusa da zaure, inda yaron yake kwana a da. Da ta ce shida, Sadiyatu ba za ta musa ba. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa.

"Biyar," ta ce. "Gazali ya rasu."

Sadiyatu ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Allah shi jiƙan shi."

"Amin."

Lantana ta ajiye takalmin da ta samo ɗaya, ta zauna a kan turmi.