Ranar da Na Kira Ardo da Gatarinsa

Shekara tara na yi ina gadin gandun daji a gefen Bangi, kuma duk abin da aka koya mini bai wuce ƙamewa a sara wa babba ba. An ba ni kakin da zai ɗauki mutum biyu, da hula, da sanda, aka nuna mini daji aka ce kada kowa ya taɓa. Horon da ake kira staj kuwa, kowace shekara sai babban shef, shugabanmu na Madawa, ya dafa kafaɗata ya ce baɗi da ni.

Mu biyu ne a gandun. Abokin aikina ɗan garinmu ne, ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya samu sartifika, ni kuwa a ajin yaƙi da jahilci na tsinci ɗan karatuna. Akushi ɗaya muke ci. Da ya zo ko bagaruwa bai iya bambantawa da farar ƙaya ba, ni na riƙa jan sa itace itace ina gaya masa sunayensu.

Bayan babban farin nan ciyawa ta yi wuya. Da rani ba abin da ke kore sai gawo, doka kuma ta hana sara. To, mutum biyu da sanda za su tare makiyayin da shanunsa ke faɗuwa? Sai na je na zauna da ardon Fulanin da ke kusa da mu, dattijo mai malfa. Muka shirya: su sari ƙananan rassa na gefe, kada su taɓa kan itace, wanda aka sara bana a bar shi ya huta. Su kuma su kare mana dashe daga awaki, in gobara ta tashi su zo. Aka shafa fatiha, aka kawo ƙwaryar nono. Abokina yana wurin, ya ma fi ni sha. Shekara huɗu muna haka, gandunmu ya yi kyau har baƙi ake kawowa su gani.

Da staj ya zo, gurbi ɗaya ne, kuma sai mai Faransanci. Aka ɗauki abokina. Ba zan ɓoye ba, na ji zafi, amma ni na kai masa akwati tasha. Na ce, "In ka komo ka koya min abin da anka koya maka." Ya yi mini alkawari.

Ya dawo da babur, da galon muƙami a kafaɗa, da littafi mai kauri, a matsayin shef ɗina. Sunana ya ɓace masa, na koma "gardi", wato mai gadi. Sau biyu na tuna masa alkawarinmu, ya ce abin ya fi ƙarfin kaina.

Wata safiya ya kira ni da fara'a irin ta da. "Aboki, a staj an hwaɗa muna a yi aiki da makiyaya. Tahi ka kira ardo da mutanenai, kowa shi zo da gatarinai, in buga lamba in ba su parmi." Parmi takardar izini ce. Daɗi ya kama ni, na ce ashe karatun nan yana da amfani.

Na je ruga na isar da saƙo, ardo ya dube ni. "Ɗan gandu, mu ba mu zuwa gaban kaki da ƙarhe a hannu. Kai ka ce mu zo?"

"Ni na ce, Baba Ardo. A wuyana."

Suka zo, suka jera gatura a tabarma gindin tsamiya. Ba a gama gaisawa ba mota ta tsaya, masu kaki suka diro. Aka kwashe gatura a matsayin shaida, aka tura ardo da 'ya'yansa biyu bayan mota. Sabon shef yana son a ga aikinsa a sama, ni kuwa ya yi farauta da bakina. Wajen hawa malfar ardo ta faɗi. Na ɗauka na miƙa masa, ya dube ni, bai karɓa ba.

Da ƙura ta lafa na ce wa shef, "Kai ma hwa ka sha nonon nan."

Ya ce, "Wancan kahin staj ne."

Bayan an sako ardo na tafi rugarsa da malfar. Ba wanda ya shimfiɗa mini tabarma. Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu. "Shi bai ce min komi ba, ɗan gandu. Kai kac ce a wuyanka." Kafin damina sun tashi.

Rani na gaba gobara ta shiga dashe. Ni da shef muka yi ta bugun wuta da ganye ina ƙwala kira, ba wanda ya zo. A shekarar ne babban shef ya dafa kafaɗata ya ce sunana ya fito a staj. Na ninke kakinsu na ajiye masa a tebur.

Malfar tana nan rataye a ɗakina. Na yi cigiyar mai ita a kasuwar Bangi da ta Urno har na gaji, ban samu inda zan mayar ba.