Addu'a Daga Bayan Ƙeya

A layin da shagonsa yake, ba mai kiran mai askin nan da sunansa na gaskiya. Rediyo ake ce masa, kuma wanda ya laƙaba masa sunan bai zalunce shi ba. Da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya ya koma bayan ƙeyarka, to ka shiga uku. Zai ba ka labarin ƙwallo, da na wanda aka yi wa haihuwa, da na wanda ya yi faɗa da mai gidan haya, almakashi na tafiya baki na tafiya. Shagon ɗan ƙarami ne, da kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da madubi mai tsaga a kusurwa.

Amma ranar Lahadi rediyon a kashe yake. A coci bencin ƙarshe yake zama, dab da ƙofa. Shekarun baya, jim kaɗan da yi masa baftisma, an taɓa cewa ya fito ya rufe taro da addu'a. Ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Ya Ubanmu na sama," daga nan kansa ya ɗauke wuta. Shiru ya yi tsawo har wata tsohuwa ta tausaya masa ta ce amin, aka watse ana ƙunshe dariya. Tun ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa Allah na da masu yi masa magana, shi kuwa nasa rabon sharar gashi ne. Ga shi bai yi nisa a makaranta ba, Littafi Mai Tsarki ma da yatsa yake bin sa.

Cikin masu zuwa aski akwai Baba Direba, tsohon direban babbar mota, mai taurin kai na bugawa a jarida. Ya taɓa samun saɓani da dattawan ikkilisiya, ya rantse ƙafarsa ba za ta ƙara taka cocin ba, kuma bai taka ba. Sai dai duk Litinin yakan zo gyaran fuska, don ya tsani gemu. Yana zama zai ce, "To Rediyo, me mutumin naku ya ce jiya?" Rediyo kuwa, daga bayan kujera, sai ya zazzage masa wa'azin kaf da irin nasa bakin. Labarin tunkiyar da ta ɓata ma ya ba shi kamar ta maƙwabcinsu ce. Baba ya yi tsaki, ya ɗaga haɓa a bi masa da reza. A wajen Rediyo hira ce kawai.

Wata rana Fasto ya shigo shagon, ba don aski ba.

"Ɗan'uwa, Baba Direba na asibiti, jikin ya yi tsanani. Na je, ya juya min baya. Ya ce kai yake so ka je ka yi masa addu'a."

"Ni? Haba Fasto, ka manta abin da ya faru ne? A tura wanda ya iya mana."

"Waɗanda Yesu ya fara kira masunta ne, ba masana ba."

"Su masuntan ai bakinsu bai ɗaure a gaban mutane ba."

"Ba ni na zaɓe ka ba. Ka je."

Ya ce to, amma bai je ba. Tsoro ne ya kama shi, na kada ya tsaya gaban mutum mai jiran mutuwa ya sake yin abin kunya. Sai ya ƙudura cewa ba zai je ba sai ya haddace addu'a mai kyau, irin ta manya. Matarsa, wadda a zumuntar mata in ta fara addu'a sai an taɓa ta take tsayawa, ita ya sa ta koya masa. In ba kowa a shago, sai ya tsaya gaban madubi yana bita.

"Maigida," in ji ta, "mutumin nan fa ba jarrabawa zai yi maka ba. Ka tashi ka je."

"Gobe. Addu'ar ta kusa zama."

Wannan goben ita ce abin haushin. Kwanaki suka ja. Har ƙofar asibitin ya taɓa kaiwa, ya ji tsakiyar addu'ar ta kuɓuce masa, ya juyo gida.

Ranar da ya ga ta zauna daram, ya rufe shago da hantsi, ya saɓa jakar kayan aikinsa don sabo, ya tafi. Ɗakin maza cike yake da warin magani. A gadon bango ya sami Baba, ana yi masa ƙarin ruwa, ya rame ya koma kamar ba shi ba, farin gemu ya rufe masa fuska. Matar Baba na zaune a gefe.

"Ɗana, sai yanzu?" ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan zafi. "Da, duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗago ya ce ko kai ne. Yanzu ya daina magana. Ko motsi ba ya yi."

Rediyo ya tsaya gaban gadon ya buɗe baki. Addu'ar da ya ɓata kwanaki a kanta ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Sai gemun kawai yake kallo, gemun da Baba bai taɓa bari ya wuce kwana bakwai ba.

"Mama, ki bar ni in gyara masa fuska."

Nas ta ba shi ruwan ɗumi. Ya ɗan janye gadon daga bango, ya matsa ta bayan kan Baba, ya shimfiɗa masa tawul, ya shafa kumfa. Yana kama reza, bakin ya buɗe da kansa.

"Baba, ni ne Rediyo. Na makara, ka yafe min. Ka tuna tunkiyar nan? Ai mai ita bai tsaya jiran ta dawo ba, shi ya bi ta." Hawaye na zuba, hannu na aiki. "Ya Yesu, ga Baba nan. Ka san halinsa, ka san nawa. Ni ban iya komai ba, kai ka iya. Ka ɗauke shi a kafaɗarka ka kai shi gida."

Da ya sa yatsa ƙarƙashin haɓar, sai Baba ya ɗaga ta a hankali, kamar yadda yake yi duk Litinin. Mama ta rufe fuska da gefen zane ta fashe da kuka. Washegari Baba ya cika.

Baba ji ya yi, ko kuwa jikinsa ne kawai ya saba? Tambayar da Rediyo ke kwana da ita ke nan har yau, kuma ba mai ba shi amsa. Har yanzu a bencin ƙarshe yake zama, har yanzu ba ya iya addu'a gaba da gaba. Amma duk Litinin shagonsa a rufe yake. Yana can ɗakin maza da jakarsa, yana janye gadaje daga bango. In aka aiko kiransa kuwa, ko rabin kai ya aske maka sai dai ka jira ya dawo, ka yi ta mita.

Fasto ya taɓa dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka gani ko? Ubangiji ya yi aiki da kai a kan Baba."

Rediyo ya ci gaba da goge rezarsa, bai ɗago ba.

"Fasto, lokacin da ya kira ni yana da bakin da zai ce amin. Ni na tsaya koyon addu'a har bakin ya rufe."