Butar Baba da Ɓerayena

Yau da la'asar, a tsakar gidanmu na Tudun Wada, buta ta suɓuce daga hannun Baba. Ba tuntuɓe ya yi ba, yatsun ne kawai suka saki.

Na san irin wannan sakin. A ɗakin gwaje-gwaje inda nake bincike, mukan sa ɓeraye su kama wayar ƙarfe su rataya. Lafiyayyu su yi ta lilo. Waɗanda muka raunana wa zuciya kuwa, tsokarsu ta zube, ba sa jimawa suke faɗowa.

Baba ma zuciyar ce ke damunsa. Kullum tsokanata yake da "mai kiwon ɓera", amma yau babu dariya.

"Hadiza, ɓerayen naki ma haka suke yi?"

"Haka suke yi, Baba."

"To me kuke ba su?"

"Muna kan nema."

Ya dubi ruwan da ke malala, ya ce, "Ku ɗan hanzarta."

Ni na zuba masa ruwan alwala. Tun ɗazu na kasa zaune, na kasa tsaye.

Masu jinyar iyaye, da kuke ta lura da numfashinsu, kun taɓa duba hannunsu?