Baƙo a Kujerar Hajiya Mahasin

Da asuba na zo sharar zauren da ƙungiyar makaɗan unguwarmu ke atisaye a Dokki, cikin Alƙahira, sai ga wani mutum zaune a kujerar gaba. Kwat ɗinsa baƙa ce, takalminsa na sheƙi, amma wuyan rigarsa ya cinye. An ce shi ne sabon mayistiro, wanda zai kaɗa musu sanda a wasan Juma'a.

Kujerar ta Hajiya Mahasin ce, shugabar masu kamanja, wato gogen Turawa. Idonta ya yi rauni, shi ya sa take zana manyan alamomi da fensir a takardar kiɗanta. In ta yi kuskure a gaban jama'a, layin baya za a mayar da ita.

Takardar ce a cinyarsa, kilinar goge rubutu a hannunsa.

"Ya ustaz, wa ya buɗe maka?"

"Ma'alish, yi haƙuri, ya hajji, gyara nake mata. Ai uwarmu ce."

Na sha jin masu cewa uwarmu. Wataƙila akwai wadda ya tanadar wa kujerar, ban sani ba. Ni dai ban ga fensir a hannunsa ba.

Yana hure ɓurɓushin, ya mayar da takardar daidai inda take, sannan ya ɗaga ƙafafunsa in share ƙarƙashin kujerar.