Ranar da Faransancina ya kori mazan unguwa

Ko zan manta sunana, ba zan manta hutun da na yi a Djougou ba, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Lokacin ina lakwal, wato makaranta, a Parakou, ni kaɗai ce mace mai karatun boko a danginmu. Baba kuwa kullum cewa yake, in bokon bai nuna amfani ba, rumfar goronsa na jirana.

Wata rana ma'aikacin wani kamfani mai neman ma'adinai ya zo zaurenmu, inda dattawan unguwa suka taru, yana son 'yan kasuwa su zuba kuɗi. Da Faransanci ya fara, sai Baba ya sa aka kira ni in fassara. Na shigo ina taku kamar matar gwamna. Mutumin ya ce ya kawo "aksiyon" da "obligasiyon". A lakwal an koya mana na farko aiki ne, na biyu dole. Na haɗa su, na ɗaga murya na ce an dawo da aikin dole, za a kwashi maza haƙar dutse.

Waɗannan dattawa sun ɗanɗani aikin dole a zamanin Turawa. Kafin in rufe baki zaure ya zama fili. Kawuna mai ciwon gwiwa, wanda sai an ɗaga shi yake tashi, ya tsallake katanga kamar ɗan akuya. An ce wani maƙwabcinmu bai waiwaya ba sai Kolokondé.

Baba ya dube ni. Na fara jin ƙamshin goro.

Ashe baƙon yana jin Hausa, a zangon Parakou ya tashi. Da ya gama dariya ya ce, "Alhaji, kada ka ga laifin yarinya. Kalmomin nan baki biyu gare su, na makaranta daban, na kasuwa daban. Nata daidai ne."

Aka lallaso dattawa ɗaya bayan ɗaya. Baƙon ya ce aksiyon hannun jari ne, kamar yadda kakanninsu ke haɗa dukiya a ayarin goro: a samu a raba, a rasa a haƙura tare. Obligasiyon kuwa rance ne kake ba kamfani, ya mayar maka da ƙari. Jin ƙari, Baba ya ce shi ba ya cin riba. Kawu, yana haki, ya tambaya ko an ga ma'adinin. Mutumin ya ce tukuna, nema ake. Mutum biyu kawai suka saya.

Da zai tafi ya ce wa Baba, "Ka bar ta ta ƙarasa. Wata rana ita za ta karanta muku irin wannan kafin ku sa hannu."

Aka bar ni a lakwal. Har yau ina yi wa bawan Allahn nan addu'a. Ya rasa ciniki ta dalilina, amma ya rufa min asiri. Daga gare shi na koyi cewa sanin kalma ba sanin magana ba ne, kuma cewa "ban gane ba" ya fi sauƙi a kan kamo Kawu daga bayan katanga.