Ƙarfen da Wuƙa ke Yankawa

A Ceberu aka haifi Lawali, a maƙerar kakansa ya girma. Da wuya ka sami manomi tsakanin Ceberu da Gwandu da bai taɓa riƙe lauje ko fartanyar da ya ƙera ba. Ba shi da yawan magana, amma in dai zancen ƙarfe ne ba ya yarda a gyara masa.

Ɗiyarsa Hafiza kimiyya ta karanta, tana bincike a wata makaranta a Kalgo. Da ta ce masa a kan ƙarfen cikin batir take aiki, dariya ya yi. Wata rana ya je Kalgo gaisuwar rasuwa, sai ya biya ta wurin aikinta.

Ta sa safar hannu, ta ciro wani ɗan guntun ƙarfe daga kwalbar mai, ta yanka shi da wuƙa kamar sabulu.

"Dalma ce," in ji Lawali.

"Ba dalma ba ce, Baba. Litiyam sunansa. Dubi inda na yanka."

Wurin yana ƙyalli kamar azurfa. Yana cikin kallo ya ga ya dushe, ya yi baƙi.

"Tsatsa? Yanzu-yanzu?"

Sai ta jefa ɗan ɓarɓashi cikin ruwa. Bai nutse ba. Ya hau yawo a saman ruwan yana huci yana kumfa, har ya ɓace. Lawali ya ja da baya, ya yi karo da kujera.

"Innalillahi! Hafiza, ruwa fa ke sanyaya ƙarfe!"

Ta yi masa bayani: wannan baƙin da ya gani wata fata ce da ke fitowa a fuskar ƙarfen. A cikin batir ana manna masa siririyar roba, in fatar ta fito da kyau batir ya daɗe, in ta lalace ƙarfen ya tsiro da ƙayoyi, su huda robar, wuta ta tashi. Fatar take nazari.

Daga nan ta raka shi tasha.

Da ya koma gida ya ba abokan sana'arsa labari, suka ce rufa-ido aka yi masa. Bai yi gardama ba. Amma ya bi tarin gwangwanin da ke bayan maƙera, ya tsince duk wani mataccen batirin waya, ya kai su can nesa da wuta. Har yau in Hafiza ta zo gida, shi ke shimfiɗa mata buzu, ya zauna yana yi mata tambayoyi.