Taya Ce Kawai Ta Fashe

Ina cikin zuba wa baƙi shinkafa a gidan sunan ƙanwata a unguwar Bulabulin, sai tayar Keke Napep ta fashe a ƙofar gida. Ban san lokacin da na yar da faranti na kwanta a ƙasa ba. Jikina sai rawa yake, numfashi ya gagare ni.

Haka nake tun ranar da bam ya tashi a kasuwa ina ciki. Bara na fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, muna zama mu yi magana, ya kuma koya mini jan numfashi a hankali in abin ya taso. Shi nake yi, sai ga Goggo Yagana tsaye a kaina.

"Har yanzu, Bintu? Rashin tawakkali ne wannan. Kin bar addu'a kin koma asibitin mahaukata, kina ba mu kunya."

Na ce, "Goggo, ke da kike shan maganin hawan jini kullum, rashin tawakkali ne?"

Ta ce, "Ai ni nawa ciwo ne."

Na ce, "Ni kuma nawa wasa ne?"

Ta ja tsaki ta wuce.

Wallahi na gaji. Addu'a ina yi, asibiti ina zuwa, kuma ina samun sauƙi, don yanzu ni kaɗai nake shiga kasuwa. Bakin dangi ne na rasa maganinsa.

Mu nawa ne a garin nan muke ɓoye wannan ciwon don gudun magana? Don Allah ku faɗa mini, ya kuke yi da naku dangin?